Daga Bama zuwa bakin get: 'yan mazan jiya da maganar sana'a

Jama'a, duk wanda ya tashi a Daura, Mai'adua ko Zango ya san su. Tsofaffin sojoji, wasu na gadi a bakin get, sai ranar 15 ga Janairu a tuna da su a fito da su fareti. Me ya sa ƙarshen ƙaramin soja a ƙasar nan gadi ne?

Maganar ta daɗe fa. A Yaƙin Duniya na Biyu, zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, Turawa suka kwashi samarin Arewa cikin runduna ta 81 da ta 82 zuwa Bama. Da aka gama yaƙi a 1945, gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar fifita su wajen ɗaukar aiki. To ina aikin yake? Waɗanda suka tsira da rufin asiri su ne waɗanda suka koyi tuƙi ko kanikanci a soja. Saura gona, masinja ko ɗan doka.

Ita kuwa Amurka, a 1944 ta yi dokar G.I. Bill, gwamnati na biya wa tsohon soja kuɗin karatu. An fi tuna ta da jami'a, alhali mutum miliyan 2.2 ne suka bi wannan hanyar, yayin da miliyan 5.6 suka yi wani horon daban, da yawansu sana'a, koyon aiki da noma.

Mu sai bayan yaƙin basasa, da sojoji suka kai wajen 250,000, aka samu cibiyar Oshodi a Legas, wadda har yau take koya wa masu shirin ritaya sana'a na wata shida. An yi ƙoƙari, gaskiya. Amma wata shida bayan shekara 35 da bindiga? Wanda kuma harsashi ya dawo da shi gida daga dajin Sambisa da ƙuruciyarsa, yaya za a yi da shi?

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ke nan. Garin da ya haifi Janar Buhari, Allah ya jiƙansa, yana da kwalejin fasaha ta tarayya tun 2019, ga jami'ar sufuri. Me zai hana a ware wa 'yan mazan jiya gurabe, gwamnati ta biya, mutum ya koyi walda, wayarin ko haɗa sola yana kwana a gidansa? Takardar sallama daga soja ta wadatar, kada a ce sai ya kawo kiredit biyar. Wakilanmu na majalisa, muna jin ku.