Tsarin Bretton Woods

Tsarin Bretton Woods (suna, namiji): yarjejeniyar canjin kuɗi da wakilan ƙasashe 44 suka ƙulla a watan Yulin 1944, a otal ɗin Mount Washington da ke Bretton Woods, a jihar New Hampshire ta Amurka, tun Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba.

Ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Amurka ta ɗauki alkawarin ba gwamnatoci oza ɗaya na zinariya a kan dala 35. Sauran ƙasashe kuwa suka ɗaure kuɗinsu da dala, ba hawa ba sauka fiye da kashi 1 cikin 100. Wakilin Birtaniya, John Maynard Keynes, ya nemi a ƙirƙiro kuɗin duniya mai suna bancor, amma ra'ayin Harry Dexter White na Amurka ya rinjaya, domin rumbun zinariya yana hannun Amurka.

Taron ne ya haifi Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da Bankin Duniya.

Daga baya yaƙin Biyetnam ya ci wa Amurka kuɗi, daloli suka yi yawa a ƙetare, Faransa ta dinga kai nata tana karɓar zinariya. Ranar 15 ga Agusta, 1971, Shugaba Richard Nixon ya dakatar da musayar. Zuwa 1973 manyan kuɗaɗe sun koma hannun kasuwa.

Cibiyoyin biyu na nan a Washintan, kuma har yau dala ce ta fi yawa a asusun ajiyar ƙasashe.