Yadda Ake Horar da Limaman Coci a Jigawa da Masu Ɗaukar Nauyinsu

Kiristoci 'yan tsiraru ne a Jihar Jigawa, kuma akasarin masu jagorantar majami'unsu a wajen jihar suke samun horo. Ɗarikar Angilika, wadda ta kafa Dayosis ɗin Dutse a 1996 ƙarƙashin Bishop Yesufu Lumu, tana da kwalejin tauhidi ta St Francis da ke Wusasa, Zariya. Ita kuwa ɗarikar ECWA, wadda ta samo asali daga mishan ɗin SIM a 1954, tana da makarantu a Kagoro da Jos.

Da fari, majami'un Ingila, Kanada da Amurka ne ke ɗaukar nauyin wannan aiki. Mabiya a can sukan taru su yi wa masu bishara addu'a, sannan su haɗa gudummawa. Wannan hanya ba ta yanke ba: asusun Langham, wanda malamin Ingila John Stott ya assasa a 1969, yana biya wa malaman tauhidi na Afirka kuɗin karatun digirin digirgir, bisa sharaɗin su komo gida su koyar.

Sai dai a yau kaso mai yawa na nauyin ya dawo wuyan mabiya na gida, ta hanyar baikon ranar Lahadi, zakka, godiyar kaka da gudummawar Zumuntar Mata. A ƙauyen da masu ibada manoma ne ƙalilan, rashin kyan damina kan taɓa kuɗin makarantar ɗalibi da albashin fasto, shi ya sa manyan majami'un birane ke tallafa wa ƙanana.