Ciyayin Ƙasan Tafki Da Zamanin Wadata

A 1958 ne Charles Keeling ya fara auna iskar kabon dayoksaid a dutsen Mauna Loa na Hawai, ya samu wajen kashi 315 cikin miliyan. A 2023 ta haura 420. To, wannan iska abincin tsirrai ce, sai dai ba kowanne ta yi wa rana ba.

A tafkunan arewacin Turai akwai 'yan gajerun ciyayi irin su lobeliya, masu zuƙar iskar daga laka ta saiwarsu, suna girma sannu-sannu. Inda iskar ta yawaita cikin ruwa, sai dogayen ciyayi su yi caa, su tare musu hasken rana. Ni kam tausayi suke ba ni wallahi, sun jure zamanin babu, ga shi wadata tana korarsu.