Yadda Gyaɗa Ta Ci Kudancin Damagaram, Ta Tsaya a Ƙofar Damargu

Gyaɗa baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka wajen ƙarni na 16. Ta daɗe a hannun mata: a soya, a matse mai, a murza ƙuliƙuli, harawa kuma a ajiye wa tumaki.

Jirgin ƙasa ne ya ɗaga darajarta. Da dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi. Faransawa kuma suka matsa a biya lanho da tsabar kuɗi, sai manoman Magarya da Matamai, a kudancin Damagaram, suka duƙufa nomanta. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA domin sayenta da fitar da ita, kuma a shekarun nan gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga waje.

Amma duk wannan hada-hada ba ta kai Tanut da Balbeji na ƙasar Damargu ba, kuma halin tsiron ne ya jawo. Gyaɗa a sama take fure, rawaya ƙanana. Furen na bushewa, sai wani ɗan tsinke ya sunkuyo ya huda ƙasa, a can ƙwayar za ta ƙullu. In ya tarar da ƙasa busasshiya, aikin shekara ya tashi a ganye. Tana son jigawa mai laushi da ruwan da ya kai milimita 500, ya kuma rabu daidai cikin damina. Ruwan Tanut kuwa da ƙyar yake wuce 300. Shi ya sa Damargu ta riƙe geronta, wanda ayarin Abzinawa ke zuwa awo tun kafin zuwan Nasara. A ganina manoman nan sun yi daidai, domin sun san ƙasarsu.

A kudu ma harkar gyaɗar ba ta ɗore ba. Farin 1973 ya karya manoma, a 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta ƙarasa gonaki. Kafin a farfaɗo, yuraniyom na Arlit ya ɗauke hankalin gwamnati.

Yau akwai iri mai saurin nuna, kamar 55-437 da aka samo daga Senegal, mai kwana 90. Duk da haka, mai son kai gyaɗa Damargu ya fara tanadar wa manomi ruwa kafin ya miƙa masa iri.