Hayaniyar ƴan kallo a filin ƙwallo: daga filayen Madawa, Buza da Keita zuwa manyan filayen zamani

Abin da masu sharhin wasanni ke kira yanayin fili shi ne haɗuwar sowa, kiɗa, kirari da matsin da jama'a ke yi wa ƴan wasa da alƙali. Yawan mutane kaɗai ba ya kawo shi. Ya danganta da kusancin ƴan kallo da layin fili, da ko a tsaye suke ko a zaune, da ko akwai rufin da ke maido da sauti, da kuma irin mutanen da ke iya shiga.

A garuruwan gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa, yawancin wasanni a filin ƙasa ake buga su, na makaranta ko na bakin gari, bayan sallar la'asar. Ƴan kallo na tsayawa a bakin layi, wani lokaci igiya ce kawai tsakaninsu da ƴan wasa. Mai tsaron gida yana jin duk abin da ake faɗa a bayansa, kuma sau da yawa mai faɗar ya san sunan mahaifinsa da unguwarsu. Lokacin da filayen suka fi cika shi ne na gasar babban hutun makaranta, wadda aka fi sani da TGV, domin ta faɗo cikin damina, sa'ad da ɗalibai suke gida, ƴan cirani kuma sun dawo noma. Bayan girbi, idan samari suka sake fita bida zuwa Najeriya ko ƙasashen gaɓar teku, filin kan yi sanyi, hayaniyar ta koma gidajen kallo, inda magoya bayan Real Madrid da Barcelona ke ta musu har dare.

Salon goyon bayan ma ba daga Turai aka aro shi duka ba. Ganga, kalangu, kirari da zuga sun daɗe a fagen kokowa, kuma a birnin Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975. Fagen kokowa zagaye yake, kowa na fuskantar tsakiya, makaɗa na kusa da ƴan kokowa. Wanda ya saba da wannan, idan ya je kallon ƙwallo, haka yake son ya matso.

Amma kusancin nan yana da nasa lahani. Alƙalin da ya busa bugun daga kai sai mai tsaron gida a kan masu masaukin baƙi ba shi da shinge, ba shi da ɗakin da zai shige ya rufe. Idan aka ci ƙwallo, yara kan kwararo cikin fili, sai an kore su kafin a ci gaba. Ƙungiyar da ta zo daga wani gari kuwa, tun kafin a tashi take lissafin hanyar fita.

Abin da jama'a suka yi wa Mena

Babu misalin da ya fi na Nijar kanta. A wasannin neman shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012, Mena ta sha kashi a dukkan wasanninta uku na waje, amma ta ci dukkan ukun da ta buga a filin Janar Seyni Kountché na Yamai. Ta doke Masar, mai riƙe da kofin, da ci 1-0 a watan Oktoban 2010, Moussa Maazou ne ya ci ƙwallon. Ta doke Saliyo 3-1. Ta doke Afirka ta Kudu 2-1. Maki taran nan ne suka kai ta gasar a karon farko. A 2012 ma, bayan Gini ta ci ta 1-0 a Konakiri, ta rama da 2-0 a Yamai, ta sami gurbin gasar 2013. Zafin rana ya taimaka, babu shakka, amma jama'ar da suka cika filin tun da hantsi su ma sun yi nasu aikin.

Tun daga 2021 hukumar CAF ta ƙara tsananta sharuɗɗan filayen da za su karɓi wasannin ƙasa da ƙasa: kujera ga kowane ɗan kallo, ciyawa mai kyau, fitilu, ɗakunan sauya kaya, wurin ƴan jarida da ƙofofin fita isassu. Ƙasashe da dama sun rasa damar yin wasa a gida, har da Nijar. Mena ta karɓi baƙuncin Tanzaniya a Kwatano a watan Yunin 2022, ta karɓi Zambiya a Marakesh a Nuwamban 2023. Ta ci Zambiya 2-1, sai dai a gaban kujerun da akasarinsu babu kowa. Ɗan Buza da a da yake iya hawa mota ya kwana a hanya don ganin Mena, sai ya koma kallonta a talabijin.

Dalilin dokokin, da abin da suka jawo

Sharuɗɗan nan jini ne ya kawo su. A ranar 15 ga Afrilun 1989, turmutsitsi a filin Hillsborough na Ingila ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97, kuma rahoton alƙali Taylor na 1990 ya sa aka hana tsayuwa a filayen manyan ƙungiyoyin ƙasar. A Akra, ranar 9 ga Mayun 2001, mutum 126 suka mutu a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, bayan an harba hayaƙi mai sa hawaye alhali ƙofofi na rufe. A Janairun 2022 mutum 8 suka rasu a ƙofar filin Olembe na Yawunde, wanda sabo ne fil.

Kujeru sun rage haɗari, amma sun rage sauti. Mutumin da ke zaune ba ya rera waƙa kamar na tsaye, kujera mai lamba tana raba abokai, tsadar tikiti kuma tana korar matasa, waɗanda su ne masu murya. Magoya bayan West Ham sun daɗe suna ƙorafi bayan ƙaurarsu a 2016 zuwa filin da aka gina don wasannin Olimfik, saboda nisan da ke tsakaninsu da ƴan wasa. Hanyar tsere da ke zagaye fili, irin wadda ke filin Seyni Kountché, tana iya tura masu zama bayan raga baya da mita 30 ko fiye. Juventus ta rushe tsohon filinta mai hanyar tsere, ta buɗe ƙarami a 2011 wanda ƴan kallo ke dab da layi. A Dortmund ta Jamus, ɓangare guda yana ɗaukar mutum kusan 25,000 a tsaye, ƙarƙashin rufi. Ingila kanta ta sake ba da izinin tsayuwa a 2022, da sharaɗin a sa ƙarfen dogarawa a gaban kowane layi.

Ga garuruwa irin su Madawa, Buza da Keita, maganar ba ta kai ga sharuɗɗan CAF ba. Abin da ma'aikatar magajin gari kan iya shi ne katanga, ƙofa da rumfar zama guda. Katanga tana ba da damar karɓar kuɗin shiga, sai dai idan ƙofa ɗaya ce tak, ta zama tarko ranar wasan ƙarshe. Rumfar kuma galibi manyan baƙi ne ke cika ta, makaɗa da ƴan fada su koma rana a ɗaya gefen, inda iska ke kwashe muryarsu. Rufin kwano a ɓangaren talakawa, da shinge mai kai wa ƙugu kusa da layi, da hanyar da alƙali zai bi ya fita ba tare da ya ratsa jama'a ba, sun fi hanyar tsere araha nesa ba kusa ba.