Yadda Fim Ɗin Frankenstein Na 1910 Ya Tsira

A farkon zamanin silima hotuna suna motsi amma ba sa magana. Ɗan wasa yakan motsa baki, sai a nuna maganarsa a rubuce, mai piyano kuwa yana gefe yana kaɗawa. Da yake ba halin dogon bayani, masu shirya fim sukan ɗauko labarin da jama'a suka riga suka sani daga manyan littattafai.

Haka kamfanin Thomas Edison ya yi a Amurka a 1910 da littafin Frankenstein, wanda Mary Shelley, 'yar Ingila, ta fitar a 1818. Labarin wani ɗalibi ne da ya harhaɗa halitta da hannunsa, ta zame masa dodo. Littafi guda cur aka matse cikin fim da bai kai minti 20 ba. Don su nuna haihuwar dodon, sai suka ƙona mutum-mutumi, suka juya hoton da baya, ya zama kamar jiki yana haɗuwa daga cikin wuta.

Irin waɗannan finafinai ba su yi tsawon rai ba. Zaren da ake ɗaukar su a kai mai saurin kama wuta ne, in ya tsufa kuma sai ya ruɓe ya zama gari. Da fim mai magana ya shigo a 1927, kamfanoni suka ɗauki na dā kayan shara. A 2013 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinai marasa magana na ƙasar sun ɓace ƙurmus. To, abin da ya yi wuya shi masu tara kayan tarihi suke nema ido rufe.

An daɗe ana zaton Frankenstein ma ya tafi. Ashe yana jihar Wiskonsin, a hannun wani mai tara finafinai, Alois Dettlaff. Ya cancanci yabo, gama ba don shi ba da ba wanda zai gan shi yau. Amma ya yi rowarsa ƙwarai. Shekara da shekaru ya ƙi sakinsa ga masana gyara, kwafin da ya sayar daga baya kuma sai da ya buga masa tambari a kan hoton. A ganina wannan ajiya ce da ta kusa zama hasara, domin zaren ba ya jiran kowa.

Dettlaff ya rasu a 2005. Daga baya laburaren nan ya sayi kayansa, ya gyara fim ɗin, ya sake shi ga jama'a kyauta a 2018.