Gasar Ƙwallon Dawaki ta Jos: Tarihinta, Ƙa'idojinta da Ƙungiyoyin da Ake Sa wa Ido

A duk ƙarshen shekara, lokacin da hunturu ya kankama, masu sha'awar dawaki kan mayar da hankalinsu birnin Jos domin gasar ƙwallon dawaki da aka fi sani da Polo. Ana gudanar da ita a filin da ke ɗauke da sunan marigayi Janar Hassan Usman Katsina, galibi a makonnin da ke tsakanin bikin Kirsimeti da shigowar sabuwar shekara. Ƙungiyoyi kan zo daga jihohi daban-daban da dawakinsu da masu kula da su, a kwashe kwanaki ana fafatawa a kan kofuna da dama, waɗanda fitattu a cikinsu su ne Kofin Gwamna da Kofin NASCO.

Asalin wasan a Najeriya

Turawan mulkin mallaka ne suka shigo da wasan, aka kafa kulob na farko a Legas a 1904. A Arewa kuwa, fadar Katsina ce ta ba shi gindin zama. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya karɓi wasan, ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya. Ɗansa, Sarki Usman Nagogo, ya kai maki 7 a ma'aunin ƙwarewa, matsayin da har yau ake kafa misali da shi. Janar Hassan, ɗan Nagogo, wanda ya yi gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, ya gaji wannan sha'awa, ya jagoranci harkar wasan har zuwa rasuwarsa a 1995.

Tudun Filato ma yana da tsohuwar alaƙa da doki. Tun kafin zuwan Turawa, Birom da wasu maƙwabtansu suna hawan gajerun dawaki ba tare da sirdi ba, a farauta da yaƙi, kuma har yanzu ana ganin mahaya a bikin Nzem Berom. Da haƙar kuza ta bunƙasa a farkon ƙarni na 20, sai Jos ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina, kuma a cikin wannan cakuɗa ne ƙwallon dawaki ya samu mazauni. Kamfanin NASCO, wanda Ahmed Idris Nasreddin ya kafa a Jos a 1963, ya shafe shekaru da dama yana ɗaukar nauyin gasar.

Yadda ake wasan

Kowace ƙungiya tana da mahaya huɗu. Tsawon filin ya kai mita 274, faɗinsa kuma kimanin mita 146, sannan tazarar da ke tsakanin turakan da ake zura ƙwallo ta ɗan haura mita 7. Ana raba wasa zango-zango, kowane zango minti 7, kuma yawanci akan yi zango huɗu zuwa shida. Da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda. Duk lokacin da aka zura ƙwallo, sai ƙungiyoyin su yi musayar ɓangare, don kada iska ko hasken rana su fifita wani.

Babbar ƙa'idar wasan ita ce ta layin ƙwallo. Idan aka buga ƙwallo, hanyar da ta bi ta zama tamkar titi, kuma mahayin da ke bin ta yana da haƙƙin wucewa. Wanda ya gitta gabansa ta yadda zai iya haddasa karo ya yi laifi. An yi wannan ne domin kare rayukan mahaya da na dawaki, kuma mafi yawan busar da alƙalan wasa ke yi a kanta take.

Kowane ɗan wasa yana da makin ƙwarewa, daga biyu ƙasa da sifili har zuwa 10. Ana tara makin mahaya huɗu a samu jimillar ƙungiya, da ita ake raba kofuna zuwa ƙaramin mataki da matsakaici da babba. A wasannin da ake bin wannan ma'auni, ƙungiyar da jimillarta ta gaza akan ba ta rarar ƙwallaye tun kafin a fara. Saboda haka mai kuɗi ba zai tara gwanaye huɗu ya shiga ƙaramin kofi ba.

Waɗanda ake sa wa ido

Idan ana lissafin masu iya ɗaukar manyan kofuna a Jos, sunan da kan fara zuwa shi ne Malcomines, ƙungiyar gida ta Murtala Laushi, wadda ta samo sunanta daga kamfanin haƙar ma'adinai. Dawakinta sun saba da filin da yanayin garin, ga kuma goyon bayan 'yan kallo.

Daga maƙwabciyar jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Filato a 1996, akwai Keffi Ponys ta Sanata Ahmed Aliyu Wadada, wanda ya gina filin wasa nasa a Keffi. Sai El-Amin ta Muhammad Babangida, wadda ta ɗauki Kofin Georgian na Kaduna fiye da sau goma. Tun 1919 ake fafatawa a kan wannan kofi, kuma shi ne mafi daraja a ƙasar. Bello Buba, ɗaya daga cikin gwanayen Najeriya, ya daɗe yana hawa a ƙarƙashin tutarta. Akwai kuma Rubicon ta tsohon Ministan Sufurin Jiragen Sama, Hadi Sirika. Duk gasar da ɗaya daga cikin waɗannan ta shiga, lissafin sauran yakan sauya. A ƙananan kofuna kuwa, matasan Katsina da Kano da Zariya da Bauci ba kanwar lasa ba ne.

A barga ake fara cin kofi

Masana wasan sun yarda cewa doki ya fi mahayi tasiri a sakamako. Ana sauya doki a kowane zango, don haka mahayi guda yana buƙatar dawaki da dama a wasa ɗaya, kuma ƙungiyar da ba ta da isassu takan gaji a zangon ƙarshe. Manyan ƙungiyoyi sun fi dogara da dawakin Ajantina, ƙasar da ta yi zarra a wannan wasa a duniya, kuma sukan ɗauko 'yan wasa daga can. Masu ƙaramin ƙarfi suna amfani da na Sudan da na gida, waɗanda suka fi jure wahala.

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku. Sanyin garin yana rage wa doki galabaita, amma ƙasa takan bushe ta yi tauri a wannan lokaci, abin da ke wahalar da ƙafafu. Ƙungiyar da ta iso da wuri, dawakinta suka huta daga doguwar tafiya a mota, ta fi wadda ta sauka ana gobe wasa.

Akwai kuma batun lafiya da tsada. Cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, ta fi kashe dawakin da aka shigo da su daga waje, shi ya sa rigakafi ya zama dole. Jos ta yi sa'ar maƙwabtaka da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ƙara tsadar sayo dawaki da sirdi da sanduna daga waje, yayin da harawa da dusa da gero su ma suka yi tashin gwauron zabo.

Muhimmancinta ga birnin

Jos ta sha fama da rikice-rikice a 2001 da 2008 da 2010, kuma na Janairun 2010 daga yankin Nasarawa Gwom ya faro. Waɗannan fitintinu sun raba unguwanni da dama bisa addini da ƙabila. Filin ƙwallon dawaki yana cikin wuraren da Musulmi da Kirista ke haɗuwa su yi kallo tare. Masu otal da direbobi da masu sayar da abinci da ciyawa suna samun ciniki a kwanakin gasar, sannan ga matasan da ke cin abinci da kiwon dawaki da horar da su. Daga cikin irin waɗannan matasa ne ake samun waɗanda kan fara da share barga, su koyi hawa, daga bisani a ji sunayensu a jerin 'yan wasan manyan kofuna.